Wasan Kare, Kukan Makiyayi

Akwai wani irin labari da Turawan Ingila ke jin daɗin bayarwa a jaridunsu da gidajen rediyonsu da wajen hirar bayan cin abinci. Labarin ba ya wuce na mutumin birni da ya ɗauki karensa ran Lahadi ya nufi karkara shan iska, sai wani abin dariya ya same shi a tsakiyar dabbobin manoma. Wani zai ce garken maruƙa ne ya biyo shi, har ya tsallake shinge wandonsa ya yage. Wata ta ce rago ne ya tunkuye ta, ta zube cikin taɓo da sabuwar rigarta. Wani kuma karensa ne ya yi birgima cikin kashin shanu, aka komo gida a mota kowa na toshe hanci. Akwai mai labarin agwagin gona da suka fatattake shi, shi da karen duka, har bakin titi. Daga nan sai a yi dariya, a sha shayi, a watse.

Mu ma ba mu ƙi dariya ba. Sai dai mu da nazarin labari ya zame wa sana'a mun saba da wata tambaya da ba mu bari ta wuce, wato wa ke ba da labarin, wa kuma aka hana magana a cikinsa? A duk waɗannan hirarraki bakin mai yawo kaɗai ake ji. Tunkiyar da ta yi ɓari a daren wannan Lahadi ba ta da baki. Makiyayin da ya wayi gari yana haƙa rami shi ma ba a gayyace shi wajen shan shayin ba. Ra'ayinmu a wannan maƙala a fili yake: abin da ake kira ɗan tsautsayin yawo, mafi yawansa sakaci ne na mai kare, kuma wannan sakaci yana kashe dabbobi, yana kashe mutane, yana kuma neman ya rusa wani haƙƙi da talakawan Ingila suka sha ɗauri kafin su samu.

Yadda hanya ta ratsa gona

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san abin da ya haɗa kare da saniya tun farko. A Ingila da Wels akwai turbobin ƙafa da doka ta amince kowa ya bi, tsawonsu gaba ɗaya ya kai wajen mil 140,000. Da yawa daga cikinsu sun keta ta tsakiyar makiyaya da gonaki masu zaman kansu. Gona ta manomi ce, amma turbar da ta ratsa ta ta jama'a ce, ba shi da ikon toshe ta. A kan shingaye akwai ƙyamare da 'yan matakalai na katako da mai tafiya zai taka ya tsallaka.

Wannan 'yanci ba kyauta aka ba kowa ba. Tun daga ƙarni na 18 zuwa na 19 majalisar dokokin ƙasar ta yi ta zartar da dokokin killace filayen da a da na gayya ne, aka mallaka wa masu hali. A ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan matasa, galibinsu leburorin masana'antun Manchesta, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, ba tare da izini ba, a ƙarƙashin jagorancin wani saurayi mai suna Benny Rothman. Tudun nan an keɓe shi ne domin masu sarauta su riƙa harbin tsuntsaye. Aka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure mutum 5. Hayaniyar da ta biyo baya na cikin abubuwan da suka share fagen dokar 1949, wadda ta kafa gandun shaƙatawa na ƙasa, ta kuma umurci hukumomin gundumomi su zana taswirar kowace turba. A shekarar 2000 aka ƙara wata doka da ta buɗe duwatsu da dazuzzukan ciyawa ga masu yawo, Sikotlan kuma ta yi tata a 2003.

To, sai a haɗa wannan da wasu abubuwa biyu. Birtaniya na da tumaki fiye da miliyan 30, tana kuma da karnukan gida fiye da miliyan 10, waɗanda yawansu ya ƙaru ƙwarai a zamanin kullen annobar korona na 2020. Turba ɗaya, tunkiya a gefenta, kare a kanta. A nan ne gizo ke saƙar.

"Ai wasa yake yi"

Babu kalmar da makiyayan ƙasar nan suka gaji da ji kamar wannan. Mai kare zai tsaya da igiya a naɗe a hannu, karensa na can yana zagaye garke, shi kuwa yana murmushi yana cewa ai ba ya cizo, wasa yake yi, ko ƙuda bai taɓa kashewa ba. Wannan magana tana nuna jahilci iri biyu, na halin kare da na halin tunkiya.

Kare dai jikan kyarkeci ne. Shekaru dubbai na zaman gida ba su goge masa sha'awar bin abin da ya gudu ba, domin hali zanen dutse ne. Karen da ke kwana kan kujerar falo, ana yi masa wanka da sabulu mai ƙamshi, ran da ya ga tumaki sun watse a gabansa jinin kakanninsa zai motsa, kuma a wannan lokaci kiran uban gidansa ba ya shiga kunnensa. Ita kuwa tunkiya ba ta san kare mai wasa ba. Abin da ta sani shi ne mai dawa ya shigo. Ba sai haƙori ya taɓa ta ba kafin ta halaka. Cikin tunkiya wata biyar ne, kuma yawancin tumakin ƙasar suna haihuwa ne a watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da sanyi ke sauka mutanen birni ke fitowa yawo. Tunkiya mai tsohon ciki da aka kora na 'yan mintoci tana iya yin ɓari bayan kwana ɗaya ko biyu. Jaririn da aka raba da uwarsa a rikicin gudu yana iya mutuwa da yunwa da sanyi kafin gari ya waye. Garken da ya firgita yana iya cunkushewa a kusurwar shinge, na sama su danne na ƙasa. A shekarar 2016 an tsinci tumaki 116 matattu a wata gona kusa da Chichester a kudancin Ingila, da yawansu masu ciki, sun danne juna a jikin shinge, kuma abin da aka fi zargi shi ne kare ne ya kora su. Kamfanin inshorar manoma na NFU Mutual ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai dabbobin da karnuka suka kashe ko suka raunata a Birtaniya kuɗinsu ya kai fam miliyan 2.4.

Abin takaici shi ne mai karen ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan. Shi dai ya ga karensa ya dawo yana haki yana kaɗa wutsiya, ya shafa kansa, suka shiga mota. Labarin da zai bayar a ofis ran Litinin na ban dariya ne, saboda ya bar gidan wasan tun kafin a kai fitowa ta ƙarshe.

Ba mu ne muka fara lura da haka ba. Ɗalibanmu da suka karanta littafin Thomas Hardy mai suna Far from the Madding Crowd, wanda ya fito a 1874, za su tuna yadda Gabriel Oak ya talauce. Ɗan kwikwiyonsa ne, cikin zumuɗin aiki, ya kora tumakinsa wajen 200 cikin dare har suka afka wani ƙaton rami, ga su da ciki, ga shi bai yi musu inshora ba. Oak ya sayar da abin da ya rage ya biya bashi, ya koma neman ƙodago, karen kuma aka harbe shi. Hardy ɗan karkara ne, shi ya sa bai ɗauki abin wasa ba. Yau fiye da shekara ɗari da hamsin ke nan, amma har yanzu akwai masu karatun da suka haddace soyayyar littafin suka manta da ramin.

Ranar da reshe ya juya da mujiya

Idan tunkiya gudu take yi, saniya ba ta gudu, musamman mai jego. Saniyar da ta kai kilo 600, da maraƙinta a gefe, in ta hango kare takan nufo shi kai tsaye, sauran garken kuma su rufa mata baya. Kare take nema, amma mutumin da ya ƙanƙame igiya ko ya sungumi karen ya rungume, ya sa kansa a tsakani.

A shekarar 2015 hukumar kula da lafiyar ma'aikata da kiyaye haɗurra ta Birtaniya ta duba mace-macen da shanu suka jawo cikin shekara 15 da suka gabata. Ta samu mutum 74. Daga cikinsu 56 ma'aikatan gona ne, 18 kuma masu yawo ne a kan turba. A cikin waɗannan 18, in ban da mutum ɗaya, kowa yana tare da kare. Wannan lissafi bai bar wurin gardama ba. Ko a watan Yuni na 2009, David Blunkett, tsohon ministan cikin gida na ƙasar, wanda makaho ne, ya gamu da irin wannan a yankin Peak District, inda saniya ta yi kan karen da ke masa jagora, shi kuma ya ƙare da karayar haƙarƙari. Ba mu kawo wannan don mu ɗora masa laifi ba, karen jagora ai ido ne ga mai shi. Mun kawo shi ne domin a ga cewa saniya ba ta tambayar tarbiyyar kare. In har karen da ya fi kowane samun horo bai tsira ba, ina ga wanda ko sunansa ba ya amsawa?

Shi ya sa ƙa'idojin shiga karkara na ƙasar suka ba da shawara mai kamar ta saɓa wa hankali, alhali ita ce daidai: ka riƙe karenka da igiya a kusa da dabbobi, amma in shanu suka taso maka, saki igiyar. Kare ya fi ka gudu, ya fi saniya iya kauce-kauce, zai tsira da kansa, kuma da zarar ya yi nisa hankalin garken zai bar kanka. Mutane nawa ne cikin masu fita yawo suka san wannan? Wanda zai iya kashe fam ɗaruruwa wajen sayen takalmin hawan dutse, amma ya kasa ba da minti goma ya karanta yadda ake ratsa garke, ba shi da bakin kiran abin da ya same shi ƙaddara.

Ƙananan laifuffuka masu manyan wutsiyoyi

Hausawa sun ce kashin kare ba ya taki, likitocin dabbobi kuma sun ƙara da cewa yana iya zama guba. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Neospora da kare ke iya zubarwa cikin kashinsa. In saniya ta ci ciyawar da ta gurɓata da ita takan yi ɓari, kuma tana iya gadar wa 'ya'yanta mata cutar. Akwai kuma tsutsar cikin kare wadda ƙwanta, in tunkiya ta haɗiye shi, yakan je ya yi ƙullutu a ƙwaƙwalwarta, sai a ga dabba tana kewaya wuri ɗaya har ta faɗi. Wasu masu yawon sukan kwashe kashin cikin leda, sa'an nan su rataye ledar a jikin shinge su yi gaba, kamar wani zai zo ya karɓi saƙo.

Haka nan ƙyauren da aka bari a buɗe. Ga mai yawo mantuwa ce ta daƙiƙa ɗaya. Ga manomi kuwa yana iya zama rago ya shiga cikin tumaki ba lokacin barbara ba, ko garkensa ya gauraya da na maƙwabci, ko shanu su fita kan titi cikin duhu mota ta yi karo da su. Duk wannan ba ya cikin labarin wandon da ya yage.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Kada a ce mun rufe ido ga ɗaya ɓangaren. Akwai manoman da ke sa shanu masu jego a filin da turba ta ratsa, alhali suna da wani filin. Akwai masu kafa allon gargaɗin bijimi a inda babu bijimi, domin kawai su tsorata mutane. Akwai masu ɗaure ƙyaure da sarƙa ko su bar ƙaya ta cinye hanya. Doka ba ta ƙyale su ba: dokar 1981 ta hana a bar bijimin da ya wuce wata 10 a filin da turbar jama'a ta bi, in na jinsin shanun madara ne, sauran jinsuna kuma sai in yana tare da shanu mata. An kuma sha gurfanar da manoma a kotu bayan shanunsu sun tattake masu wucewa. Wanda ya yi wannan ya cancanci hukunci, ba mu da ja.

Amma a duba bambancin. Saniya ba ta da wani wurin zama sai makiyaya, nan ne gidanta, nan ne kuma wurin neman abincin mai ita. Shi kuwa mai kare baƙo ne, kuma abin da ake nema daga gare shi bai fi igiya mai tsawon mita 2 ba. Wannan shi ne ma'aunin da dokar 2000 ta sa a filayen da ta buɗe: a riƙe kare da gajeriyar igiya daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, a kuma riƙe shi kowane lokaci in akwai dabbobi kusa. Wane nauyi ne ya fi sauƙin ɗauka, na wanda aka ce ya sake tsarin gonarsa, ko na wanda aka ce ya ɗaura ƙugiya a wuyan karensa?

Za a kuma ce da yawa daga cikin karnukan da ke ɓarna ba wajen yawo suke ba, daga gida suka kuɓuce. Gaskiya ne, sai dai wannan bai wanke kowa ba. Karen da ya fice ta ɓarakar shingen gida shi ma yana da mai shi, sakacin dai ɗaya ne, wuri ne kawai ya bambanta.

Wanda ya fi ba mu tausayi a duk wannan sha'ani shi ne karen kansa. Tun 1953 doka ta mayar da korar dabbobin gona laifi a kan mai kare. Dokar 1971 kuma ta ba manomi kariya in ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa, matuƙar babu wata hanyar tsayar da shi, kuma ya sanar da 'yan sanda cikin awa 48. Shekaru masu yawa tarar mai kare a Ingila ba ta wuce fam 1,000 ba. Wato dabbar da ta bi halinta ta biya da ranta, mutumin da ya yi sakaci ya biya da kuɗin da bai kai na sayen wani karen ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sikotlan ta farga a 2021, ta kai tarar fam 40,000 ko ɗaurin wata 12. Muna ganin hanyar da ta kama ita ce daidai, domin hukunci ya kamata ya sauka a kan mai hankali.

Inda adabi ya shigo

Daga ina wannan sakaci ya samo asali? Mu muna ganin wani ɓangarensa laifin alƙalami ne. Ƙarnoni da dama mawaƙa da masu zane na Ingila suka yi suna nuna wa mutanen birni karkara a matsayin wurin hutu: koren tudu, farar tunkiya, makiyayi zaune yana busa sarewa. Raymond Williams ya warware wannan sosai a littafinsa The Country and the City na 1973, inda ya nuna yadda irin wannan adabi ke share gumin masu aiki daga cikin hoton. Wanda aka rena da wannan hoto, in ya shiga makiyaya, ado yake gani. Bai san cewa ya shigo wurin aikin wani ba ne, mai bashin banki da kuɗin likitan dabbobi da daren da ba a barci lokacin haihuwa. Da a ce masana'anta ce, da bai saki kare a tsakanin injuna ba. Labarin ban dariyar da muka fara da shi ƙanen wancan tsohon hoto ne, domin shi ma ya mayar da dabba abin wasan kwaikwayo, ya fitar da mai ita daga fage.

Ga kuma haɗarin da ke gaba. Duk tunkiyar da kare ya kashe hujja ce a hannun masu son a rufe turbobi. An ɗanɗana yadda rufewar take a 2001, lokacin da cutar boru, wato ciwon baki da kofato, ta ɓarke. Aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6, aka rufe hanyoyin karkara, sai ga masaukai da kantunan ƙauye sun durƙushe saboda babu baƙi. Ranar aka gane cewa ƙauye na bukatar mai yawo kamar yadda mai yawo ke bukatar ƙauye. Saboda haka wanda ya saki karensa cikin garke ya cuci makiyayi, ya kuma ci amanar mutum biyar ɗin nan da suka shiga kurkuku a 1932 domin shi ya samu wurin taka ƙafa.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Bahaushe da karen Bature. Ruwanmu biyu. Na farko, 'ya'yanmu da ɗalibanmu na tafiya ƙasar nan karatu da aiki, kuma suna bin waɗannan turbobi, gara su san ƙa'idarsu. Na biyu, tambayar da ke ƙarƙashin wannan rikici mun san ta farin sani: yaya hanya za ta ratsa abincin wani ba tare da an yi jini ba? Mu sunanta burtali. Bambancin kawai shi ne a wurinmu mai dabba ne ke wucewa, manomi na zaune, a can kuwa mai dabba ne ke zaune, ɗan birni na wucewa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma burtalai da yawa gonaki da gine-gine sun cinye su, mun kuma ga abin da hakan ya haifar. Darasin iri ɗaya ne a ko'ina. Hanya irin wannan ba ta ɗorewa sai da sharaɗi biyu: mazauni kada ya toshe, mai wucewa kada ya yi ɓarna. Duk ranar da ɗaya ya karya nasa, ya ba ɗayan dalilin karya nasa.

Don haka ba mu ce a daina yawo ba, ba mu kuma ce a daina dariya ba. Abin da muke cewa shi ne a ba da labarin har ƙarshensa, a bar makiyayi shi ma ya faɗi nasa. Wanda ya ji wannan ƙarshe sau ɗaya, ba sai an kafa masa allo a bakin ƙyaure ba kafin ya ɗaure karensa. Rigakafi dai ya fi magani, kuma a nan kuɗin rigakafin bai wuce na igiya ba.